Kafin A Ce Gas Ya Ƙare, A Duba Ƙofar Firiji

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gyaran firiji a watan Afrilu ya san maganar da ta fi yawa a bakin masu kawo aiki: "Ba ya sanyi, gas ne ya ƙare." Tun daga gida mai kaya ya yanke hukunci. Ya ɗora firijin a a-kori-kura, ya biya kuɗin dako, ya zo yana neman a ɗura masa gas kamar yadda ake ɗura wa babur fetur. To, gas ɗin firiji ba ƙonewa yake yi ba. A cikin rufaffen bututu yake zagayawa, ya kwaso zafi daga ciki, ya kai shi ƙarafan baya ya sake shi, ya komo ya sake kwasowa. Muddin bututun bai huje ba, gas ɗin da aka zuba tun daga masana'anta zai kai firijin har tsufansa. Abin da ke gajiya da wuri shi ne wanda kowa a gida ke taɓawa safe da yamma amma ba mai waiwayarsa, wato ƙofa. Ina da yaƙinin cewa da yawa daga firijin da muke cewa sun mutu, ƙofa ce ta fara kashe su, kuma da an kula tun da wuri gyaran bai wuce sabulu da ruwan ɗumi da sifana ba.

Ba a littafi na karanto wannan ba. Ina yaro nakan wuce shagon kawuna a Fagge bayan an tashi daga makaranta, ina miƙo masa sukudireba ina riƙe masa tocila. Kawu, Allah ya jiƙansa, ba ya fara aiki daga baya. Idan aka sauke firiji, sai ya tsayar da shi a wurin da daɓe ya miƙe, ya buɗe ƙofar kamar rabi, ya janye hannunsa ya zuba ido. In ta koma da kanta ta manne, har ka ji ɗan sautin nan na kamawar roba, sai ya zagaya baya. In kuwa ta tsaya cak, ko ta ci gaba da buɗewa, sai ya dubi mai kayan ya ce, "Alhaji, ga ciwon nan a gabanmu, ba sai mun je nesa ba." Wasu ba sa jin daɗin maganar. Na ga wanda ya ce masa, "Malam, ni dai ka zuba min gas in tafi." Kawu ya ce, "Zan iya karɓar kuɗinka, Alhaji, amma bayan sati biyu za ka dawo kana zagina, kuma da gaskiyarka."

Abin da ke faruwa idan ƙofa ba ta manne ba yana da sauƙin ganewa. Iskar ɗaki tana da zafi kuma tana ɗauke da laima. Ko da kafar ba ta wuce kaurin ashana ba, iskar nan za ta yi ta kutsawa dare da rana. Da ta taɓa farantin sanyi sai laimar ta daskare. Yau ɗan farin gari-gari, jibi dutsen ƙanƙara. Mutane da yawa in suka ga ƙanƙara ta cika saman firiji sai su yi murna, su ce injin yana da ƙarfi. Akasin haka ne. Ƙanƙarar da ta lulluɓe farantin tana hana shi janye zafi daga kayan da ke ciki, shi ya sa za ka ga sama ta daskare amma miyar da ke ƙasa ta yi tsami. Na'urar da ke auna sanyi kuma ba za ta taɓa jin ya isa ba, don haka ba za ta ba kwamfuresa hutu ba. Lafiyayyen firiji yakan yi aiki ya tsaya, ya yi aiki ya tsaya. Wanda ƙofarsa ke yoyo kuwa gurnani yake yi ba sassautawa, ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, ga wutar da ke zuwa ba ƙarfi. A haka kwamfuresa ke ƙonewa, kuma ita ce mafi tsada a jikin firijin gaba ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na san abin da wani zai ce: ina wutar take balle a yi maganar ƙofa? Ai rashin wutar ne ma ya sa maganar ta zama dole. Hukumomin kula da lafiyar abinci na Amurka sun daɗe suna sanar da jama'a cewa idan wuta ta ɗauke, firijin da ba a buɗe shi ba yakan riƙe abinci cikin aminci na kimanin awa 4, firiza kuma in tana cike takan kai awa 48, in rabi ce awa 24. Duk wannan lissafi ya rataya ne a kan sharaɗi ɗaya, ƙofa a rufe ruf. Mu da ake kawo mana wuta ta 'yan awoyi a ɗauke, sanyin da muka tara a 'yan awoyin nan shi ne jarinmu. Matar da ke sayar da zobo da kunun aya da lamurje a cikin gida, wadda da cinikin take sayen sabulu da littafin makarantar yara, ba ta da abin da ya fi mata wannan sanyi daraja, musamman a watan azumi da kowa ke neman mai ƙanƙara kafin a sha ruwa. Idan ƙofarta na zubar da sanyin, kunun ayan da ta kwana tana tacewa zai wayi gari ya kumbura leda. Kunun aya ba ya jira.

Wanda ke samun wutar sosai shi ma bai tsira ba. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ninka kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, fiye da sau uku, har yunit ɗaya ya kai naira 225. Fanka ana kashe ta, talabijin ana kashe ta, dutsen guga na ɗan lokaci ne. Firiji kaɗai ne ba a cire shi daga soket. Mai mita zai ga kuɗinsa na zurarewa bai san ta ina ba, mai sola kuma zai ga batirinsa ya sauka tun kafin asuba ya dinga zargin wanda ya haɗa masa.

Akwai abin da ya fi kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ajiye dafaffen abinci da mai saurin lalacewa a sanyin da bai kai digiri 5 ba. Allurar insulin ta masu ciwon suga tana buƙatar tsakanin digiri 2 zuwa 8, haka ma yawancin alluran rigakafi. Gidaje nawa ne a yau ke da dattijo ko dattijuwa da insulin ɗinsu ke ajiye a firijin falo? Kemis nawa ne ke ajiye magani a ƙaramin firijin da ƙofarsa ke reto? Maganin da zafi ya taɓa ba lallai ya canja kama ba, sai dai ƙarfinsa ya ragu, mai ciwo yana ta yin allura suga ya ƙi sauka.

Abin da ya fi ci min rai a wannan lamari shi ne yara. A gidaje da dama, in aka tarar da firiji a buɗe, ba a tambayar komai sai "Wa ya sha ruwa?" A kamo ƙaramin cikinsu a yi masa faɗa, wani lokaci har da duka. Yaron nan ya tura ƙofar, ya ga ta tafi, ya juya. Ƙofar ce ta dawo bayan ya ba da baya. An bar jaki ana dukan taiki. Firijin da aka girke daidai ba ya buƙatar ɗan shekara biyar ya tsaya ya danna shi da ƙarfi. An ƙera shi ne don ya ƙarasa rufe kansa.

Yanzu ga gyaran, kuma zan fara da inda Kawu ke farawa, wato ƙasa. Firiji ana so ya ɗan jingina baya kaɗan, gabansa ya ɗara bayansa tsawo da kamar rabin santimita, yadda nauyin ƙofar da kansa zai ja ta zuwa rufewa. Don haka ne ake yi masa ƙafafun gaba masu zare, waɗanda ake murɗawa su fito ko su shige. Mutane ƙalilan ne suka san da su. Ka tuna yadda firiji ke shiga yawancin gidajenmu: ranar jere, cikin hayaniya, 'yan dako su dire shi inda gwaggon amarya ta nuna, a yaye kwali a ɗora masa fulawar roba, shi ke nan. Ba wanda ya durƙusa ya dubi ƙafafunsa. Ga shi kuma magina na karkata daɓen ɗaki da na kicin zuwa bakin ƙofa saboda ruwan wanki ya fita, wasu kuma suna ɗora firijin a kan katako ko bulo don gudun ruwa, katakon ya sha laima ya lotsa ta gaba. Sai firijin ya rusuna, ƙofarsa ta dinga neman buɗewa. Maganin shi ne a cire shi daga wuta, mutum ɗaya ya ɗan tura samansa baya, ɗaya ya durƙusa ya murɗo ƙafafun gaba su fito, zagaye biyu ko uku kowacce. In sun ƙi da hannu a sa sifana. In ƙafafun sun karye ko sun ɓace, ɗan falankin katako mai ƙwari ko gutsuren tayil a ƙarƙashin kusurwoyin gaba ya wadatar, amma ban da kwali, don kwali lotsewa yake. A ɗora faranti da ruwa a saman firijin a duba: ta hagu da dama ruwan ya zauna daidai, ta baya ya ɗan fi taruwa. Sannan a buɗe ƙofar rabi a saki. Sau da yawa a nan aikin ke ƙarewa. Kada dai a wuce gona da iri a kwantar da shi baya sosai, ɗan kaɗan ake nema.

In ƙafafu sun daidaita ƙofar ba ta kama ba, a leƙa ciki. Hannun tukunya, murfin kula, aljihun kayan miya da bai koma mazauninsa ba, ko ƙanƙarar da ta turo ƙaramin murfin sama, kowanne na iya tokare ta. A dubi kuma abin da aka loda wa ƙofar kanta. Aljihunanta an yi su ne don ƙwai da 'yan kwalabe, mu kuwa mukan jera manyan gorunan ruwa tun daga sama har ƙasa, mu cusa fiya wata a duk inda ya rage. Kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Gora shida masu lita ɗaya da rabi kilo tara ke nan a rataye a kan hinji biyu, kullum, shekara da shekaru. Dole ƙofa ta sunkuya. A mayar da manyan gorunan ciki, a bar wa ƙofa marasa nauyi.

Sai roba, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Robar da ta zagaye bakin ƙofa ba roba ce kawai ba, akwai siririn maganaɗisu a cikinta, shi ne ke kama ƙarfen jikin firijin. Tana da lanƙwasa-lanƙwasa da ke ba ta damar miƙewa ta cike gurbi. Ka sa yatsa ka buɗa lanƙwasar ta ƙasa a firijin gidanka, za ka ga abin mamaki: zobon da ya zuba ya bushe ya zama danƙo, manja, garin tuwo, ƙurar hunturu, baƙin funfuna, wani lokaci har ƙwan kyankyaso. Wannan dattin yana hana robar kwanciya, danƙon kuma yana riƙe ta a jikin ƙarfe har ta yage in an fizgi ƙofa. A samu ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori a bi ta lungu-lungu, a wanke fuskar ƙarfen da take kamawa ita ma, a goge da busasshen tsumma. Kada a kusanto da kalanzir ko fetur, suna busar da roba su fasa ta. In ta bushe a shafa mata basilin kaɗan, musamman ta gefen hinji inda take yawan naɗewa. Inda ta lotsa ko ta ƙage, a jiƙa tsumma da ruwan zafi a dafa wurin na 'yan mintoci, a ja ta a hankali da yatsu ta dawo siffarta, a rufe ƙofar a bar ta ta huce a haka.

Gwajin roba ba ya buƙatar na'ura. A ɗauki takardar naira 200, ko fallen takardar littafi, a rufe ƙofa a kanta a ja. In an ji tana turjewa, wurin lafiya lau. In ta zare salin-alin, nan sanyi ke fita. A bi duk gefe huɗun, kada a manta da kusurwoyin ƙasa don su suka fi lalacewa. Ban ce a yi da naira 20 ko 50 ba, su na leda ne, santsinsu zai ruɗe ka. Da dare kuma, in an ɗauke wuta, a kunna tocila a sa a ciki a rufe. Duk inda haske ya leƙo, kafa ce.

Robar da ta tsage ko ta yi tauri har tana karyewa ba ta da magani sai canji, kuma masu gyara na yanka sabuwa daidai girman ƙofa. Yawancin firijin yanzu robar cusa ta ake yi a cikin wani kwari, ana zare ta da hannu, tsofaffi kuma da sukurori aka kama ta. Sabuwar a fara jiƙa ta a ruwan ɗumi ta saki kafin a sa. Hinji kuwa, in ka ɗaga ƙofa ta gefen mariƙi ka ji tana wasa, to sukurorinsa sun kwance, a ɗaga ta daidai a ɗaure. In ta zauna ƙasa tana gogar jiki, washa guda a kan ƙusar hinjin ƙasa yakan ɗago ta. Manyan firiji masu ƙofa biyu suna da wani ɗan abin roba mai gangare a hinjin ƙasa, wanda ke sa ƙofa ta ɗan hau in an buɗe, ta gangaro in an saki. Yana cinyewa da tsufa, ana kuma canja shi. Wannan kam a kira mai gyara.

Gargaɗi ɗaya da ba zan tsallake ba: kada a sa wuƙa a fasa ƙanƙara. Farantin nan na alminiyom ne, gas na bi ta cikinsa, tsini ɗaya ya isa ya huda shi. A nan ne gas ke ƙarewa da gaske. Sabbin firiji da yawa kuma gas ɗin R600a ke cikinsu, wanda ke kama wuta. A kashe firijin, a bar ƙofa a buɗe, a sa kwanon ruwan zafi a ciki, ƙanƙarar za ta saki da kanta.

Ga 'yan'uwana masu sana'ar gyara, ban ce kowane ciwo na ƙofa ne ba. Bututu na hujewa, kwamfuresa na mutuwa, na'urar auna sanyi na lalacewa. Na kuma san ɗurin gas ya fi wankin roba kawo kuɗi, ga haya ga iyali. Amma wanda ya yanke bututun da ba shi da laifi ya ɗura gas, alhali ya ga ƙofa na reto, ya ci kuɗin da bai halatta gare shi ba, kuma ya bar firijin da rauni a inda da babu. Ku sa wa gyaran ƙofa farashinsa ku faɗa a fili, mutane za su biya. Masu sayar da sababbi su ma, yaron da ya kai kaya gida ya kamata ya daidaita ƙafafu ya gwada ƙofa kafin ya karɓi sallama. Mai sayen na gwanjo kuma ya fi kowa buƙatar buɗe ido. Da yawansu an ƙera su ne don ƙasashen Turai, za ka ga harafin N ko SN a takardar bayanin da ke jikinsu, ma'ana zafin ɗaki kada ya wuce digiri 32. Mai harafin T shi aka yi don ya jure har 43. Wanda aka yi don sanyin Jamus, ya tsufa, ya sha jifa a kwantena, ya zo Kano da robar da ta ƙage, ba shi da sauran ƙarfin da zai yi asararsa ta bakin ƙofa. Ghana ta hana shigo da tsofaffin firiji tun 2013 saboda shan wutarsu. Mu da muke saye har yanzu, aƙalla mu gwada ƙofa da takarda kafin mu biya.

Saura dabarar da na fi tsoro. Idan ƙofa ta ƙi zama, wasu sukan ɗaure firijin da robar tayar keke, wasu su jingina masa jarka ko turmi. Waɗannan ba sa hana iska shiga, amma dai ba sa kisa. Wasu kuwa sukan kira kafinta ya huda ƙofa da jiki ya kafa sakata ko maƙalar kwaɗo. Hujin kansa ɓarna ne, don yana iya faɗawa kan bututu, kuma laima na shiga ta nan ta jiƙa soson da ke riƙe sanyi. Amma ba wannan ne babban abin ba. Firijin farko-farko da sakata ake rufe su, irin wadda ba ta buɗuwa sai ta waje. A Amurka yara sun yi ta shiga tsofaffin da aka yasar suna wasan ɓuya, ƙofa ta rufe, iska ta ƙare, kuma kaurin bangon ya hana a ji kukansu. Yawan mace-macen ne ya sa majalisar ƙasar ta yi doka a 1956 cewa dole kowane firiji ya zama ana iya buɗe shi daga ciki, dokar ta fara aiki a kan waɗanda aka ƙera daga ƙarshen 1958. Daga nan masana'antu suka koma robar maganaɗisu da muke gani yau, wadda ke riƙe sanyi amma ko yaro ya tura ta daga ciki za ta buɗe. Duk wanda ya kafa wa firiji sakata ya dawo da haɗarin da aka kawar shekaru sama da sittin da suka wuce.

Ku zagaya unguwanninmu ku gani. Matattun firiji da firiza suna nan a zaure, a bayan ɗaki, a gaban shagunan gyara, a filin 'yan gwangwan, wasu an mayar da su ma'ajiyar hatsi ko takalma, da maƙalar kwaɗonsu a jiki. Firizar kwance ta fi haɗari, don murfinta da nauyi yake faɗowa, maƙalar kuma na iya faɗawa mazauninta da kanta. Yaranmu kuwa ba inda ba sa shiga.

Ina roƙon kowane magidanci da kowace uwar gida, yau ba gobe ba: firijin da ke aiki a durƙusa a duba ƙafafunsa, a wanke robarsa, a cire masa sakata in an sa. Wanda ya mutu kuma, kafin a jingine shi a ko'ina, a kwance hinjinsa a cire ƙofar gaba ɗaya. Masu unguwanni da limamai su taimaka su faɗa wa jama'a, masu gyara da 'yan gwangwan kuma kada su bar ko guda da murfi a inda yara ke wasa.